Bayan Jiniyar Kakuri Ta Yi Shiru

Laccar da aka gabatar a Kakau, a taron teloli da tsofaffin ma'aikatan masaƙa

Na san rana ta ɗaga, kun sha jira.

Laifin makarar nawa ne. Da na fito daga Tudun Wada na hayo gada, sai na roƙi direba ya ɗan karkata ya ratsa da ni ta cikin Kakuri da Makera kafin mu hau titin Abuja. A can aka yanke mini cibiya, kuma na daɗe ban bi ta wurin da rana ba. Katangun suna nan. Ƙofofin ƙarfen suna nan, sun yi tsatsa. Ta saman katanga kana hango rufin da iska ta yaye, da bishiyoyin da suka tsiro a inda injuna suke a da. Direban yaro ne, bai kai talatin ba, ya tambaye ni ko barikin soja ne aka bari. Na ce masa masaƙa ce, ya ce ai shi bai san ana saƙa a Kaduna ba.

Ku da kuka sani, ku tuna mana. Mu 'ya'yan Makera da jiniya muke sanin lokaci kafin mu iya karanta agogo. In ta busa da rana, masu aikin safe su fito, masu aikin yamma su shiga, titi ya cika da kekuna har ba masaka tsinke. Mai shayi, mai tuwo, mai gyaran keke, mai wankau, kowa da jiniyar nan yake cin abinci. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a sashen saƙa yake. Yakan dawo da ƙurar auduga a gashinsa da girarsa kamar wanda ya yi furfura a wuni ɗaya, kuma in yana magana sai ya ɗaga murya, har baƙo ya zaci faɗa yake yi. Ƙarar injin ce ta cinye masa kunne. A cikin sashen ba a jin magana, da hannu da laɓɓa suke zance, shi ya sa har a gida in zai ce a kawo ruwa sai ya yi alama kafin ya buɗe baki.

Masu shirya taron nan sun ce in yi magana a kan haɗin kan masu sana'ar tufafi. Zan yi, amma ta wata doguwar hanya zan bi, ta birnin New York na Amurka, wurin wasu teloli Yahudawa da suka rayu shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Na ga wasu sun ɗaga gira. Na san abin da kalmar Yahudawa take kawowa a zuciya a wannan zamani, kuma ba rikicin Isra'ila da Falasɗinu na zo tattaunawa ba. Mutanen da zan ba ku labarinsu sun yi gwagwarmayarsu tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Talakawa ne 'yan ci-rani, masu allura da almakashi, masu bin bashin mai shago kamar kowa a nan.

Daga 1881, bayan an kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka shiga kai wa unguwannin Yahudawa farmaki a ƙasashen da ke ƙarƙashin Rasha, ana ƙona gidaje ana kwasar ganima. Ga talauci, ga dokokin da suka taƙaita inda za su zauna da sana'ar da za su yi. Tsakanin wannan shekara da 1924, lokacin da Amurka ta ƙuntata ƙofar shiga, kimanin mutum miliyan 2 daga cikinsu suka haye teku. Da yawa suka yada zango a wata unguwa ta New York da ake kira Lower East Side, wadda a lokacin tana cikin wuraren da suka fi cunkoso a duniya. Sun zo ba Turanci, harshensu Yidish. Sana'ar da ta buɗe musu ƙofa ita ce ɗinki, domin a lokacin New York ce ke ɗinka mafi yawan kayan mata da ake sayarwa a Amurka.

Tsarin aikin zai yi muku kama da wani abu da kuka sani. Babban kamfani ya yanka yadi, ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya tara mutum goma ko ashirin a ɗaki ɗaya, sau da yawa ɗakin da yake kwana da iyalinsa, a yi ta ɗinki ana biya gwargwadon abin da ka ɗinka. Kamfani ya matse ɗan kwangila, shi kuma ya matse ma'aikaci. A wasu wuraren ma'aikaciya ce za ta sayi allura da zarenta, a cire mata kuɗin wuta, in ta makara a ci ta tara. Lokacin ciniki a kwana ana aiki, kamar yadda kuke yi a goman ƙarshe na azumi ko makon Kirsimeti, in lokacin ya wuce kuma a sallame ka ka je ka ji da kanka. Tarin fuka ya yi musu yawa har ana kiransa ciwon teloli. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne mai shagon da ke tatsar ka sau da yawa ɗan'uwanka ne Bayahude, wataƙila ma daga garinku, wanda ya riga ka zuwa da shekara goma.

A 1900 suka kafa ƙungiyar masu ɗinka kayan mata, wadda aka fi sani da ILGWU. Ta yi shekara tara tana rarrafe. Shugabanninta maza ne, kuma a ganinsu 'yan mata ba za su iya yajin aiki ba, don kowace tana jiran aure ne ta bar sana'ar. Ranar 22 ga Nuwamba 1909 aka yi babban taro a wani zaure mai suna Cooper Union. Manya suka yi ta jawabi na sa'o'i, ana cewa a bi a hankali. Sai wata yarinya 'yar shekara 23, Clara Lemlich, wadda 'yan daba da aka yi haya suka riga suka karya mata haƙarƙari a wajen wani yajin aiki, ta nemi a ba ta dama. Ta hau dandamali ta yi magana da Yidish, ta ce ta gaji da sauraron surutu, ta kawo ƙudurin a tafi yajin aiki na gama-gari. Zauren ya amsa. Cikin 'yan kwanaki kimanin mutum 20,000 suka ajiye aiki, yawancinsu 'yan mata, cikin sanyin hunturu, 'yan sanda na kame, alƙalai na ɗaurewa. Sai a Fabrairun 1910 aka janye, bayan ɗaruruwan shaguna sun yarda da ƙarin kuɗi da rage sa'o'in aiki. A wannan shekarar maza masu ɗinka manyan riguna, wajen 60,000, suka yi nasu, suka samu yarjejeniyar da ta kafa kwamitin sasanci tsakanin ma'aikata da masu kamfani.

Iyaye mata da ke bayan rumfa, ku riƙe wannan, za ku buƙace shi ranar zaɓen shugabanni.

Cikin kamfanonin da suka ƙi amincewa da ƙungiya a 1909 akwai wani mai suna Triangle, a hawa na takwas da na tara da na goma na wani dogon bene. Ranar Asabar 25 ga Maris 1911, gab da tashi, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye a hawa na takwas. Waɗanda ke hawa na tara suka ruga wata ƙofa suka tarar da ita a kulle, domin masu kamfanin suna kullewa don kada a fita da yadi a ɓoye. Matakalar ƙarfe ta waje ta karye da mutane a kanta. Tsanin 'yan kwana-kwana ya tsaya a hawa na shida. 'Yan mata suka riƙa faɗowa ta taga jama'a na kallo. Mutum 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan matan Yahudawa da na Italiya, akwai 'yan shekara 14 a ciki. Aka kai masu kamfanin biyu kotu, aka sallame su. Daga baya a shari'ar diyya aka sasanta a kan dala 75 kowane rai.

Wannan gobara ce ta sa jihar New York ta kafa hukumar binciken masana'antu, ta yi dokoki fiye da talatin a kan ƙofofi da matakala da aikin yara. Wata mata da ta tsaya a titi ta ga abin da idonta, Frances Perkins, ita ce ta zama ministar ƙwadagon Amurka a 1933. Ƙofar da aka kulle kuwa ba ta mutu da su ba. A 2002 wuta ta cinye gomman ma'aikatan dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, rahotanni suka ce a kulle suke. A 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, ya kashe masu ɗinki fiye da 1,100. In shagonka a kasuwa ƙofa ɗaya gare shi, janareto a bakinta, galan ɗin fetur a ƙarƙashin tebur, yara shida na barci a kan yadi a daren Sallah, to da kai nake.

Wannan ɓangaren labarin shi ake yawan bayarwa, don akwai jarumta a ciki. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a cika bayarwa ba, na ƙungiyoyin gari.

Duk Bayahuden da ya sauka daga jirgin ruwa, abin da yake fara nema shi ne mutanen garinsu. Mutanen kowane gari suna da ƙungiya mai sunan garin da suka baro, a harshensu ana kiran irinta landsmanshaft. Wata ƙidaya da aka yi a 1938 ta samu fiye da 2,000 a New York kaɗai. Mutanen Bialystok, wani gari a Polan wanda shi ma garin masaƙu ne, har majami'a da gidan kula da tsofaffi suka yi da sunan garinsu. Ana biyan kuɗin wata. In ka kwanta ciwo akwai likitan da ƙungiya ta ɗauka, akwai ɗan abin da za a riƙa ba ka har ka tashi. In an yi maka rasuwa, al'adarsu a zauna makoki kwana bakwai ba aiki, ƙungiya ta biya ka na kwanakin. In jari ya karye akwai rance ba ruwa, domin su ma addininsu ya hana cin riba a tsakaninsu, har wata ƙungiyar bada rance kyauta suka kafa a 1892 wadda take aiki har yau. Abu na farko kuma da kowace ƙungiya take saya, tun kafin kujerun zama, shi ne fili a maƙabarta. Har gobe in ka shiga maƙabartunsu a Queens za ka ga ƙofofin dutse, kowace da sunan wani ƙauye na Rasha ko Polan a samanta. Baƙo yana iya jure yunwa, amma tsoron a binne shi kamar wanda ba shi da kowa, wannan ba ya barin sa barci.

Ina ganin wasu iyayena suna murmushi, don sun gane mitin ɗin gari. Ranar Lahadin farkon wata, bayan an taso daga coci, Tibi a gidan wane, Idoma a ajin wata firamare, Igala, Bajju, Atyap, Ham, Ngas, kowa da nasa. Ga shugaba, ga sakatare da babban littafi, ga ma'aji, ga mai tsawatarwa da ke cin tarar wanda ya makara ko ya yi magana ba izini. Mu Hausawa namu ya bi ta wata hanyar: adashi, da zaman majalisa a ƙofar gida, da maigidan da ke saukar da baƙo. Abin da fataken goro da na shanu suka yi a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi ke nan tun kafin a haifi kakannin wasunmu: ka sauka a gidan ɗan garinku, ya ba ka masauki, ya tsaya maka a bashi, in ka mutu ya yi maka sutura.

A New York, waɗannan ƙungiyoyi su ne makarantar farko. A nan mai guga da bai taɓa shiga aji ba ya koyi rubuta bayanin taro, da kawo ƙuduri, da ƙirga ƙuri'a, da tuhumar ma'aji a gaban jama'a ba tare da an yi dambe ba. Da wannan ilimin ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Amma akwai matsala. A mitin ɗin gari, mai shago da yaronsa a benci ɗaya suke zaune, kuma sau da yawa mai shagon ne shugaba tunda shi ke da abin bayarwa. Ta yaya za ka yi wa mutum yajin aiki ranar Litinin, alhali shi zai sa hannu a kuɗin jinyar matarka ranar Lahadi? Saboda haka ma'aikata suka kafa tasu ƙungiyar taimakon juna a 1892, wadda suka kira Da'irar Ma'aikata, ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1900. Tana yin duk abin da ƙungiyar gari take yi, jinya da jana'iza da makarantar yara, har asibitin masu tarin fuka ta buɗe a 1910, sai dai abin da ya haɗa 'ya'yanta shi ne gumi. Ƙungiyoyin ƙwadagon su ma suka ɗauki darasin. Ta masu ɗinka kayan maza, wadda Sidney Hillman ya jagoranta daga 1914, ta buɗe banki a New York a 1923, ta gina wa ma'aikata gidajen haɗin gwiwa a unguwar Bronx a 1927.

Kada in zuzuta su fiye da kima. Sun yi rikicin cikin gida tsakanin 'yan gurguzu masu bin Mosko da masu sassauci, har wani yajin aiki na 1926 ya bar ILGWU cikin bashi kamar ta mutu. Daga baya, da baƙaƙen fata da mutanen Puerto Rico suka zama su ne masu yawa a kan keke, tsofaffin shugabanni suka riƙe kujeru suka ƙi sakewa. Kuma arzikin Amurka da makarantun kyauta sun taimaki 'ya'yansu suka bar allura suka zama malamai da likitoci. A ƙarshe aikin ɗinkin ma ya gudu ya bar New York, ya koma inda hannu ya fi araha, kamar yadda namu ya gudu. Sai dai bankin nan yana aiki har yau, gidajen Bronx akwai mutane a ciki har yau.

Mu dawo gida.

A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, wato KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Da akoko ta fara. Lissafin a fili yake: ga auduga a Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, ga injinan gurza, ga layin dogo, ga ruwan kogi, don me za a kai audugarmu Ingila a saƙa a dawo a sayar mana? Nortex ta biyo baya a farkon shekarun 1960, sai Arewa Textiles ta Japanawa da UNTL ta attajirin Hong Kong Cha Chi Ming a tsakiyarsu, daga baya Finetex da Supertex da sauransu. Kakuri ta zama abin da ta zama. Mutane suka kwararo daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Igala da ƙauyukan Zariya da Katsina, 'yan ci-rani kamar waɗancan, kowa ya sauka a ɗakin ɗan garinsu har ya samu lamba.

Ƙungiyar da suka gina ba ta wasa ba ce. Da farko kowace masaƙa da 'yar ƙungiyarta. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haɗe ƙungiyoyin ƙasar nan zuwa 42, ta kuma sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. A nan aka samu ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki da teloli ta ƙasa, kuma ku lura, hedikwatarta a Kaduna take, a lokacin da kusan kowa Legas yake kai tasa. Wani yaro daga ƙasar Edo da ya shiga Arewa Textiles a ƙarshen shekarun 1960, Adams Oshiomhole, ya zama babban sakatarenta a 1982, ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999, ya zama gwamna a 2008. Ko kana son siyasarsa ko ba ka so, Kakuri ce ta horar da shi. Ƙungiyar ta iya zaman ciniki da masu masaƙu, ta samo kuɗin gida da na mota da na abinci, ta sa manaja ya daina korar mutum don kawai ya tashi da fushi. Wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi guda a kanta a 1998, suna mamakin yadda ta ƙara ƙarfi a daidai lokacin da tsarin SAP na 1986 yake karya kowa.

Akwai wani abin da ta yi wanda ba a rubuta shi a yarjejeniya. A wurin zaɓen wakilin sashe, Bahaushe yakan zaɓi Batibi don ya fi iya tsayawa gaban manaja, Bajju ya zaɓi Bayarabe. A kantin cin abinci ba a tambayar inda kake salla. Gidan hayar da na tashi ɗaki goma sha biyu ne, harsuna bakwai, rijiya ɗaya. Naman Sallah yana shiga kowane ɗaki, shinkafar Kirsimeti ma haka.

Yadda abin ya rushe kun fi ni sani, ba zan daɗe a kai ba. Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin mai da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada ya yi wuya. Noman auduga ya ja baya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, ko da aka mayar da shi daga baya kuma fasa-ƙwauri ya riga ya san hanya, ta Kwatano, ta Maraɗi, zuwa Kantin Kwari, atamfar Sin ɗauke da zanen da aka kwaikwaya daga namu. Ga kuma rashin iya riƙo a wasu wuraren, kada mu ɗora wa baƙo komai. KTL, mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shiga shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka mutu ba su karɓa ba. Arewa Textiles ta bi sahu. UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010 da rancen gwamnati, amma ba ta koma yadda take ba. A cikin waɗannan shekarun ne kuma rikicin 2000 da na 2002 suka mayar da kogin Kaduna iyaka. Mu muka kwashe muka koma Tudun Wada. Wasunku suka baro Rigasa da Unguwar Sanusi da Kawo suka dawo Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora, har zuwa nan Kakau.

Ga abin da nake so ku auna. Ƙarfin ƙungiyar ƙwadagonmu a jikin albashi yake. Kuɗinta daga takardar albashi ake cira, taronta a harabar masaƙa ake yi, makaminta shi ne kashe inji. Ranar da injin ya mutu da kansa, me za ka kashe? Mutumin da ya biya kuɗin ƙungiya shekara ashirin ya wayi gari ba albashi, saboda haka ba zubi, saboda haka sunansa ya fita daga lissafi a daidai ranar da ya fi buƙatar ta. Ƙungiyar ta yi zanga-zanga, ta je Abuja, ta yi ta kuka a jarida, ban raina wannan ba. Amma a shekarun da kuɗi ke shigowa kowane wata daga dubban mutane, ba mu fitar da wani abu da zai rayu ko masaƙa ta mutu ba, irin asusun jinya ko rukunin gidaje da tsohon ma'aikaci zai nuna ya ce wannan namu ne. Mun ɗauka jiniya za ta yi ta busawa har abada. Wa zai zarge su? Ni ma da na ga kekunan nan haka na ɗauka.

Mitin ɗin gari kuwa bai mutu ba, don bai taɓa dogara da manaja ba. Shi ya biya kuɗin asibiti, shi ya yi hayar motar kai gawa gida, shi ya saya wa wani babur ya shiga acaɓa. Adashi ya riƙe mata da yawa. Sai dai kowane mitin nasa yake sani. Abin da ya haɗa ƙabilu ya mutu da masaƙa, abin da ya rayu kuma shi ne wanda ke tambayar garinku kafin ya buɗe littafi. A garin da aka riga aka raba da kogi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku teloli, yanzu ku ne sana'ar tufafi a garin nan. Ita kanta ƙungiyar masaƙun ta gane haka, shi ya sa ta juyo tana rajistar teloli masu zaman kansu. Ba ku da manajan da za ku yi wa yaji. Abokan karawarku su ne kuɗin fetur, da haya, da gwanjon Kasuwar Barci, da mai karɓar haraji kala uku a rana ɗaya, da ciwon baya da na ido. Waɗannan ba a yi musu yajin aiki, asusu ake yi musu. Shawarata, kuma shawara ce kawai: in za ku yi zubi, ku raba shi biyu, na kwasa da wanda ba a kwasa, na biyun a ajiye shi don jinya da rasuwa da gyaran keke. A sa hannu uku kafin a cire ko sisi, ɗaya daga ciki na mace. A karanta lissafi da baki a gaban kowa duk wata, ko da ma'ajin limami ne ko dattijon coci, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku haɗa kuɗi ku sayi zare da sitif da maɓalli a sari. In za ku nemi ɗinkin kayan makaranta, ku nema da sunan ƙungiya. Sannan ku dubi yaran shagonku. Da yawanku yanzu ku ne ɗan kwangilar nan na New York, kuna tsakiya, ana matse ku kuna matse na ƙasa. Yaron da ya shekara huɗu yana guga da sa maɓalli ba a taɓa ɗora shi a kan keke ba, a sa sunansa a littafin shi ma.

Batun littafi ya tuna mini abin da zan rufe da shi. Maƙwabcinmu na ɗaki na kusa a Makera mutumin Gboko ne, sashensu ɗaya da mahaifina, shekara goma sha tara suna tafiya aiki tare a kan keke. Bayan mun ƙaura ba su ƙara haɗuwa ba. Masaƙarsu ta rufe, ba a biya su ba. Wata rana aka aiko cewa ya rasu, tari ne ya ci ƙarfinsa, kuma mutanen garinsu suna tara kuɗin motar da za ta kai shi gida. Lokacin mutane ba su gama sakin jiki da haye gada ba. Mahaifiyata ta ce kada ya je. Ya sa hularsa, ya ce in raka shi.

Mun same su a tsakar gida a kan bencina, sakatare da littafinsa a kan cinya. Aka yi shiru da muka shiga, sai matar mamacin ta gane shi ta fashe da kuka. Ya zaro kuɗi daga aljihun gaba, abin da ya samu a sayar da rediyonsa, ya miƙa. Sakataren ya karɓa, ya buɗe littafin, ya bi shafi-shafi da biro. Kowane shafi da sunan zuriya a samansa, kowane suna da lambarsa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗago ya dubi shugaba, shugaba ya dubi ƙasa. Mahaifina, da yake ba ya ji sosai, ya zaci kuɗin ne suka yi kaɗan, ya fara laluben ɗaya aljihun. Sai sakataren ya juya littafin, ya rubuta sunansa a jikin bangon baya, a ƙasan sunan kuma, inda ake sa garin mutum, ya rubuta: sashen saƙa.